Kilo Ashirin da Na Sace wa Baba Mai Walda

"Tashi, Baba! Tashi!" nake ta ihu a bayansa, amma sandar ƙarfen da yake ɗagawa ta danne masa kafaɗa, gwiwoyinsa sai rawa suke. Sai da na rungume shi ta baya muka mayar da ƙarfen mazauninsa. Kilo ɗari da arba'in ne, sau biyar ya kamata ya tsuguna ya tashi da shi. Biyu ya yi.

Ya zauna kan benci yana haki, ya ce, "Simintin nan santsi gare shi."

Shekara talatin yana ɗaga ƙarfe a garejin nan, sai yau simintin ya koyi santsi. Baba Mai Walda maƙwabcina ne, katanga ce tsakaninmu, kuma shi ya koya mini harkar. Atisayensa mako huɗu-huɗu ne, yana kiran kowanne zango. Kowane zango da lambarsa ta kilo, daga ita ake fitar da nauyin kowace rana. A makon ƙarshe sai a gwada ka da lambar. Ka cika biyar, a ƙara maka kilo biyar. Ka gaza, a rage kashi goma cikin ɗari, ba gardama. Ni sau uku yana rage mini, har da wa'azi a kai.

"To Baba, sai ragi," na ce.

"Direba, tuƙi ka iya. Maimaita zangon za mu yi."

Wata biyu ke nan da sallamo shi daga asibiti, zuciyarsa ta kumbura. Likita ya ce ya motsa jiki sama-sama. Matarsa ta yi magana har ta gaji, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ɗan nan, kai yake ɗan saurara wa. Kada ka bari ƙarfen nan ya kashe mini shi."

Ni yake saurara wa? Mutumin da ko gyaran zaman ƙafa na yi masa sai ya tuna mini shekarar da aka haife ni.

Sai na yi dabara. Fayafayan da muke jerawa a sandar shi ya yanko su da hannunsa, na ashirin da na sha biyar faɗinsu ɗaya, lambobinsu sun goge tun tuni, idonsa kuma ya yi rauni. Ni ke ɗora masa kaya. Na riƙa musanya masa na ashirin biyu da na sha biyar a kowane gefe, kilo ashirin ke nan nake sace masa kullum. Har ina yaba wa kaina.

Ranar gwaji ta zo, sai Baba ya yi takwas. Takwas! Ya ajiye sandar yana dariya har da buga ƙirji.

"Ka gani? Ina likitan naku? Wanda ya yi takwas ba biyar ake ƙara masa ba, goma ne. Ɗari da hamsin!"

Raina ya ɓaci, amma ba shi ne ya tayar mini da hankali ba. Washegari zan yi tafiyar kwana huɗu da mota, shi kuma ya ce kada in damu, zai fara sabon zangon shi kaɗai. Wato da hannunsa zai ɗora, yana jijjiga kowane faifai don ya tabbatar na ashirin ne.

"Baba, ba ɗari da arba'in ka ɗaga ba."

Ya daina dariya. "Nawa ne?"

"Ɗari da ashirin. Tun farkon zangon nake rage maka."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Ja mini ƙofa in ka fita," ya ce.

"Wallahi Baba taurin kanka ya ishi kowa! Dokarka ce fa, ba tawa ba!"

Na ja ƙofar da ƙarfi. Duk tsawon hanya ina tuƙi ina masa faɗa a raina, ban kira shi ba, don haushi.

A rana ta uku matata ta kira ni. Ta ce Baba ya yi atisayensa da safe, ya yi wanka, ya zauna kan kujera a tsakar gida yana jiran shayi. Da Mama, matar tasa, ta kawo, ta tarar ya tafi. Ban samu jana'izar ba.

Da na dawo na durƙusa na yi wa Mama gaisuwa, na kasa tambayar abin da ke cina. Ita ta miƙo mini makullin garejin.

"Je ka duba, ɗan nan. Ni ban san lissafinku ba."

Sandar tana nan yadda ya bar ta. Da ɗari da hamsin ya bi, nauyin ranar farko sai ya kai kusan ɗari. Na ƙirga: sanda ashirin, na sha biyar bibbiyu a kowane gefe. Tamanin. Na sake lissafawa da yatsu, lambarsa ta sauko daga ɗari da arba'in zuwa ɗari da ashirin da shida. Ya rage, daidai yadda dokar ta ce.

Ban sha wahalar ƙirgar ba, domin kowane faifai ya rubuta masa nauyinsa da farin fenti, manya-manya, har waɗanda ke jingine da bango. Na shafa ɗaya, fentin ya ɗan kama mini yatsa.