Kwandala a Gindin Gilashi

Duk abin da na sani game da kiɗan metal, wato kiɗan rok mai ƙarar jita, a shagon tortiya, wainar masararmu, na koye shi, a tsaye, ina shan duka.

Shagon Doña Hermila ne, a unguwarmu ta Neza. A bakin ƙofa akwai makinita, akwatin wasan faɗa mai sanduna biyu da maɓallai, wadda ta cinye canjin duk iyayen layinmu. Ƙa'idar wurin ba ta da wuya. In kana son karawa da wanda ke kan wasa, ba ka cewa uffan, kwandalarka kake ɗorawa a gindin gilashin akwatin ka jira. Wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya koma bayan layi. Ni na san bayan layin nan fiye da ɗakin kwananmu.

Mai tsayawa kullum yayana ne, Eleuterio, wanda kowa ke kira Lute. Gashi har gadon baya, baƙar riga mai hoton ƙwarangwal, ga jitar da ke sa maƙwabta yi wa mahaifiyarmu jaje. Ɗan wasan da yake zaɓa a cikin akwatin ɗaya ne, wani dogo da muke kira Mai Gashi. A cewar Lute, Japanawan da suka ƙera wasan mahaukatan rok ne, babu ɗan wasa ko naushin da ba daga sunan wata ƙungiya ko wata waƙa suka ɗauko shi ba. Yana jibgata yana karantar da ni.

"Naushin wutar nan da ka sha, sunan faifan wasu 'yan Jamus ne. Shurin kuma waƙar 'yan Ingila ce. Kana ji, Tumbi?"

"Ina ji, Yaya."

"To saka wata."

In zai gama da ni, sai ya rera kiɗan jitar da baki, ya kaɗa gashi har ya share min ido.

Yau ina dab da hamsin, katifa nake sayarwa, gashina ya yi ƙaura, sunan Tumbi kuma ya tabbata. Lute ya ci gaba da gyaran lasifika da kaɗa jita a ƙarshen mako, har bara da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Maganar ma ta tafi. Ya dawo daga asibiti ya zauna a kujera yana kallon bango. Matarsa Ofelia takan taje masa furfurar nan ta ɗaure, shi kuwa ko ƙifta ido.

Likita ta ce in ba a motsa hannun ba cikin watannin nan, zai naɗe, kuma ba zai sake buɗewa ba. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya karɓa da hagu, ya cilla shi rufin maƙwabta. Ofelia ta ce wannan ne kaɗai motsa jikin da ya yi.

Na samo makinitar a bayan gidan 'yar Doña Hermila, kaji sun mayar da ita wurin ƙwai. Aka gyara, na ɗauko ta a motar katifa.

"Nabor," in ji Ofelia, wadda da sunana na gaskiya take kirana, "na ce ka samo abin motsa hannu, ka kawo min akwatin gawa mai fitila?"

"Ki dai matsar da teburin, matar Yaya."

Lute bai waiwayo ba. Na kunna, na zaɓi Mai Gashi, na yi ta kwamacala ni kaɗai. Can naushin wutar ya fita bisa kuskure, na ji daɗi, na ɗaga murya.

"Kin gani? Wannan waƙar wasu 'yan Sweden ce, masu waƙoƙin soyayya."

Zan so in ce dabara ce. Mantawa na yi.

Kujera ta yi ƙara a bayana. Lute ya taso da sandarsa ta dogarawa, yana jan ƙafa, ya bi ta kan kwanon da Ofelia ke zuba canji. Ya iso, ya ɗora kwandala a gindin gilashi da hannun hagu. Akwatin kuɗin a buɗe yake, ko ba kwandala wasa zai yi, amma ƙa'ida ƙa'ida ce.

Muka fara. Hagunsa na juya sanda kamar dā, amma hannun daman na kwance a kan maɓallai kamar kifin kasuwa. Mai Gashi yana ta kai da komowa, ya kasa ko mari. Na dubi hannun, zuciyata ta karye. Sai na fara tsalle inda bai kamata ba, ina danna maɓalli a makare, ina cewa "kash!" kamar ɗan wasan kwaikwayon da ba a biya ba. Da ƙyar, da gefen hannu, ya taɓa ni har na faɗi.

Ofelia ta tafa. Lute ya juyo ya dube ni, kallon da ya daɗe. Ya kai sandarsa ya fizge wayar daga bango, ya koma kujerarsa. Ranar ko abinci bai ci ba.

A Neza kana iya zagin mutum har kakarsa a gaban makinita, gobe ku gaisa. Amma ba a bar wa mutum cin wasa da gangan. Wannan sai ga ƙaramin yaron da uwarsa ke jiran tortiya.

"Me ka yi masa?" Ofelia ta tambaye ni a kicin.

"Bar masa na yi."

Ta ajiye ludayi. "Ni kuma na tafa kamar sakarya. Kai da likita da matan coci, da ni, duk mun ishe shi da sannu."

Ranar Lahadi na dawo bayan cin abincin rana. Na mayar da wayar, na tsaya a ɓangarena.

"Yaya, wanda ya ci shi ke tsayawa. Kai ka ci, ko da na jabu ne. Ga tawa."

Na ɗora kwandala, na harɗe hannu a kan tumbi. Waƙar wasan ta yi ta zagayowa har ƙafafuna suka fara ƙorafi. Sannan kujera ta yi ƙara.

Na lakaɗa masa duka. Ban bar shi ya numfasa ba, na matse shi a lungu kamar yadda ya saba yi min, kuma tunda ni ba na tuna sunayen waƙoƙi, na karantar da shi abin da na sani.

"Wannan sunansa katifa mai sifirin. Wannan kuma mai soso biyu, da garantin shekara goma. Kwanta, tsoho!"

Ya faɗi. Ya ɗauko wata kwandala. Na sake kayar da shi. A duk rayuwata ban taɓa cin yayana ba sai ranar, ina cin mai hannu ɗaya, bakina kuma bai daina tsiya ba. Ofelia na tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ta kasa yanke shawara ko kuka za ta yi ko kaina za ta fasa.

"Ina gashin yake? Kaɗa mana mu gani! Ko a kira matan coci su taya ka?"

Gumi ya jiƙa masa riga. Ina ganin kafaɗarsa ta dama tana rawa. Ban san a karo na nawa ba ne, na taho da tsallena na rainin wayo, sai yatsu biyu suka ɗaga suka sauka tare. Mai Gashi ya tashi sama da wuta a hannu, ya yi min karo a haɓa.

Daga ƙirjin Lute wani sauti ya fito, a karkace, rabin baki. Kiɗan jitar ne. Ofelia ta toshe bakinta da hannu.

Ya juyo, yana kokawa da harshensa.

"Ja... Jamus."

"Na ji, Yaya."

"Jaki."

"Shi ma na ji."

Naushi ɗaya ba ya cin wasa. Na share ido da kafaɗa, na ƙarasa shi.

Ya tsaya yana haki. Sannan ya miƙa hannun dama cikin kwanon canji. Yatsun suka kama kwandala, ta suɓuce ta faɗa kan maɓallai. Ofelia ta yunƙuro, na girgiza mata kai. Na zura hannuwana cikin aljihu don kada su ci amanata. Ya sake kamawa, ta sake zamewa. Daga ƙarshe ya tura ta da ƙashin yatsa, sannu a hankali, har ta jingina da gilashi.

"Tumbi," in ji shi. "Saka."