Maɓallan Rigar Baba

Malama ta ɗora tafin hannu a kan fuskar da ke jikin takardar, ta rufe ta ruf.

"Ku duba," ta ce wa 'yan ajin zane. "An rasa wani abu?"

Ba a rasa komai ba, abin haushin ke nan. Maɓallan riga huɗu na nan suna ƙyalli, kowanne da ramukansa, wuyan rigar ya sha gawayi har ya ƙoshi.

"Auta, idon mai kallo makwaɗaici ne, inda baƙi ya yi karo da fari nan yake sauka. Ke kin juye baƙinki kaf a ƙirji, kin bar idanu kamar hayaƙi. Mahaifinki kika zana ko tallan riga?"

Aka kwashe da dariya. Ran Auta ya ɓaci matuƙa.

"Ni haka nake ganinsa," ta ce.

"Nan dai idonki yake tsayawa. Jibi zan zaɓi zanen da za a rataye a baje koli, wannan kuwa ba ya ciki."

Auta ta naɗe takardarta ta fice ko sallama babu. Baba ya riga ya yanke hukunci: in ba a rataye zanenta ba, ta bar wasa da gawayi ke nan har abada. Shi kuwa ba ya magana biyu. Tana tafe tana mita, har ta kai bakin titi kafin ta yarda cewa gaskiya ce ta yi mata ɗaci. Shekara ashirin da biyu tana gaban Baba, idonta bai taɓa wuce maɓallin sama ba.

Da safe ta same shi a shagonsa na gyaran agogo, ya duƙufa a kan wani ɗan ƙaramin noti. Ta ja kujera gabansa, ta fere gawayi, ta goge ƙirjin zanen da yatsa har maɓallan suka dushe. Sannan ta ɗaga kai.

Ashe idon hagunsa ya ƙanƙance saboda shekarun matse gilashin aiki. Ashe akwai wani ɗan tabo a girarsa. Ta shiga zana abin da ta gani, hannunta bai tsaya ba.

"Ke! Ni kike kallo ido cikin ido?"

"Kai nake kallo, Baba."

"Lallai wuyanki ya isa yanka."

"In na gama. Kada ka motsa."

Ya zuba mata harara irin wadda ke sa yayyenta maza neman ƙofa. Auta ta danna gawayi, ta kwashe hararar tsaf ta ajiye a takarda, ta bar ɗigon fari a tsakiyar ƙwayar ido. Agogunan bango suna ta ƙas-ƙas. Can sai Baba ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai yana laluben notin da ke riƙe a hannunsa.

"Ɗago, Baba," ta ce. "Saura ido ɗaya."