Fatihu Ya Nemi Ruwa

Rahima kurma ce tun tana ƙarama, wani zazzaɓi ne ya tafi da jinta. A Gashuwa take zaune da mijinta Isma'il, mai gyaran babura, da ɗansu Fatihu wanda bai cika shekara ba.

Wata Asabar mahaifiyar Isma'il, Inna Madina, ta sauka daga Nguru da magana a bakinta.

"Da an yaye Fatihu zan tafi da shi," in ji ta. "Yaron da uwarsa ba ta magana, a bakin wa zai ji?"

"Inna, ki ɗan kwana biyu tukuna," in ji Isma'il.

Rahima ta dubi fuskar surukarta, ta gane zancen. Ko a jikinta. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ɗora mata yaron a cinya, ta koma gyaran kifinta.

Inna Madina ta tafa masa. Fatihu ya ƙura mata ido, ya ce, "Ba-ba-ba," ya tsaya yana jira. Ta maimaita masa. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙara da "da-da." Haka suka yi ta yi, ta faɗa ya mayar, har shayin da aka kawo mata ya huce.

Can sai ya fara mutsu-mutsu. Ta jijjiga shi, ta miƙa masa carbi, ya ture. Ya zame daga cinyarta, ya rarrafa wajen uwarsa. Bai yi mata kuka ba. Ya dafa gwiwarta, ya jira har ta dube shi, sannan ya dunƙule hannu ya kai baki.

Rahima ta wanke hannu, ta ɗebo ruwa a randa. Ya sha har ya jiƙa rigarsa.

"Wa ya koya masa wannan?" Inna Madina ta tambayi ɗanta.

"Ba wanda ya zaunar da shi, Inna. Kallonmu yake yi. Ni da murya yake kirana, ita kuwa sai ya taɓa ta."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon uwa da ɗa. Daga baya ta jawo kujera kusa da Rahima, ta nuna kifin da ke cikin roba, ta buɗe tafin hannu alamar tambaya. Rahima ta karkaɗa hannu kamar jela a ruwa. Inna Madina ta gwada, nata ya fito a karkace, duk suka yi dariya.

Ranar da ta koma Nguru, ita kaɗai ta hau mota, da ƙunshin banda a cinya.