Daɓen Banɗakin Baba Mutawakilu

A duk zangon Salaga babu mai cewa ya taɓa ganin Baba Mutawakilu ya kira wani ya yi masa aikin ƙarfi. Mutumin da kwale-kwale ya kife da shi a Makango ya fito da ƙafarsa, wanda kububuwa ta sara a rumbun doya ya kwana biyu ya koma kasuwa, shi ne zai zauna jiran birkila? Shekara saba'in da shida, amma har gobe in ya riƙe hannunka sai ka nemi afuwa.

'Yarsa Zenabu, mai aure a Bawku, ita ta ce a gyara banɗakin gidan, a sa tayil da abin zama, don gwiwoyin uwarta Mma Hanatu sun daina yarda da tsuguno. Ta samo birkila a Yendi, wani Sumani, ya ce zai zo ran Asabar, kada a taɓa komai sai ya duba. Baba ya ce wanda aka haifa jiya ba zai koya masa fasa siminti ba.

Ranar kasuwa, gida ya watse, ya ari babbar guduma ya shiga. Ya fara daga bakin ƙofa yana ja da baya, don ya riƙa watsa ɓaraguzan waje kai tsaye. Tun bugu na biyar daɓen ke amsawa kamar ganga. Ya ce tsufan siminti ne.

Ya manta abin da kowane ɗan Salaga ya sani. Garin nan a kan rijiyoyi yake zaune tun zamanin fataken goro, kuma mutanen wancan zamani ba sa cike rijiya in ta ƙafe. Azara suke jerawa a bakinta, su zuba ƙasa, su yi ɗaki a kai. Kakansa ya yi haka, ubansa ya shafe da siminti, gara kuwa ta yi shekaru tana cin azarar a ɓoye.

Ya ɗaga guduma ya sauke, sai ta wuce, ta fizge daga hannunsa. Tsakiyar daɓen ta rufta gaba ɗaya. An jima kafin ya ji saukar gudumar a can ƙasa.

Da ƙura ta lafa, ya ga kansa manne da bangon baya, a kan ɗan guntun siminti da bai fi faɗin ƙafafunsa biyu ba. Tsakaninsa da ƙofa baƙin rami ne, iska mai sanyi tana fitowa. A ƙarƙashin diddigensa na hagu kuma wata tsaga tana tafiya a hankali.

Ya kira matarsa Hajiya Hanatu sau uku, ba da ƙarfi ba, don ko numfashi mai nauyi tsoronsa yake. Ta taho tana dogara sanda, tana mitar ƙurar da ya tayar mata a kan shanya. Har ta ɗaga ƙafa za ta shigo.

"Tsaya nan," in ji shi. "Kada ki taka."

Ta leƙa, ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta ce za ta kira mutane. Ya ce kafin gwiwoyin nan su kai ta titi an gama. Ta juya ta tafi jawo tsanin rumbun doya.

Ya tsaya yana sauraron tsanin yana jan ƙasa a tsakar gida, ya tsaya, ya sake tafiya, ya sake tsayawa. Yashi yana zuba cikin ramin. Wani ɓangare ya ɓalle a gefen ƙafarsa, ya ɗage ta ya ɗora a kan ɗayar.

Da ta iso ta turo tsanin, kan tsanin ya riƙa nutsewa cikin rami, don ba ta da ƙarfin tallafe shi. Shi kuma ba halin sunkuyawa. Sai ta cire mayafinta ta ƙulla a kan tsanin, ta jefa masa ɗaya bakin. Jifa ta farko ta faɗi. Ta biyu ya cafke da yatsu biyu, ya ja sannu sannu har tsanin ya hau guntun simintin. Ta koma ƙarshen da ke waje, ta zauna a kai daɓas.

"Ƙibar nan da kake yi mini gori," ta ce, "yau ita za ta riƙe ka. Taho, Alhaji."

Ya durƙusa. Ya kama rarrafe, mataki ɗaya, na biyu. A tsakiya katako ya yi ƙara a ƙarƙashin gwiwarsa, idonsa ya faɗa cikin duhun, hannuwansa suka ƙi motsi.

"Ni za ka duba," in ji ta. "Me ka ajiye a can ƙasa?"

Ya dube ta. Ya ja jiki, ya sake ja, har ta damƙi wuyan rigarsa ta fizgo shi, suka zube tare a bakin ƙofa.

Sun daɗe a nan ƙasa. Can ta ce ita fa ba ta iya tashi, sai ya ɗaga ta.

"Bari tukuna, Hajiya," ya ce. "Ni na fito, amma ƙafafuna ba su iso ba."