Taku Ashirin Baya

…kuma ba wai ba a gaya masa ba. Abin da ke cin sa ke nan. Da ba a gaya masa ba, da tuni ya cika fom ɗin nan, ya wanke fuskarsa, ya fita ya rungumi autarsa kamar kowane uba.

Yana zaune a ɗakin canza kaya na ma'aikatan filin jirgin, rigar ƙyallin har yanzu a jikinsa, abin toshe kunne rataye a wuya, takarda a kan gwiwa. Tambaya ɗaya ce ta tsaya masa. Shin an yi maka bayani kafin saukar jirgin? Layi uku a ƙasanta, fari fat. Shekara ashirin da bakwai yana tsai da jirage da sanduna biyu, ya ce zo su zo, ya ce tsaya su tsaya, ko taya ba ta taɓa wuce layi ba… yau ga shi layi uku sun gagare shi.

Ɗakin ma sabo ne. Warin fenti. Benci mai santsi, kabad na ƙarfe da lamba a jiki. Komai sabo, tun da aka faɗaɗa filin: titin sauka, zauren fasinja mai gilashi, gadar nan mai tafiya da ake manna wa ƙofar jirgi. Shi kaɗai ne tsohon kaya. Shi da tsagar simintin nan.

Tsagar… Me ya hana su liƙe ta? Sun fasa ko'ina, sun zuba sabon daɓe, sai ɗan yankin nan na gaban tsohon gini suka bari. Tsaga ce mai reshe uku kamar sawun kaza. A kanta yake tsayawa tun yana da baƙin gashi. Ƙananan jiragen cikin gida, masu zuwa biyu a yini, daga nan yake kallon matuƙi ido cikin ido, wani har ya ɗaga masa hannu. Ƙafarsa ta san wurin ko da an rufe masa ido. To yau ma ƙafar ce ta kai shi — a'a. Ƙarya. Kada ya ɗora wa ƙafa. Ƙafa ba ta da kunne, shi ne mai kunne.

"Baba, wannan jirgin matuƙinsa a sama yake sosai. Ka ja baya taku ashirin daga inda ka saba, na sa maka alama da jan fenti."

Haka ta ce, da safen nan, har da nuni da yatsa. 'Yar Kwas. Shi ya laƙaba mata sunan, don ita aka tura wata uku ta koyo aikin manyan jirage, ta dawo da lasisi mai hoto. Aikin yau nata ne. Jirgin ƙasashen waje na farko da zai sauka a filin nan, sunanta ne a jadawali. Shi ya je ofishin Manaja, ya zauna, ya ƙi tashi. Shekara ashirin da bakwai, ranka ya daɗe, sai ranar biki a ce in tsaya gefe? Wata takwas ya rage mini in yi ritaya. Kuma 'yata tana cikin jirgin. Manaja ya sosa ƙeya, ya ce to, amma ta yi maka bayani tukuna. Aka mai da ita can gefen fiffike, ta tafi.

Shi kuma me ya ce mata? Gaban direbobin kaya, gaban masu shara? Cewa ya yi tun kafin a yaye ta yake tsai da jirgi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi… Aka yi dariya. Ya ji daɗin dariyar. Wayyo, har cikin ransa ya ji daɗinta.

Waya tana rawa a aljihu. Ba zai duba ba. Autar ce. Shekara shida tana aikin jinya a ƙasar mutane, ta ƙi biyo kowane jirgi, ta jira wannan. Baba, kai za ka tsai da ni a ƙofar gida, haka ta rubuto. Da can sai ta sauka a babban birni, ta kwana a hanya. Yanzu tana nan, bango biyu tsakaninsu, ita da uwarta da jikoki uku da aka yi wa wanka tun safe aka jera su a gilashin sama don su ga kakansu…

Sun gan shi kuwa.

Motocin kwana-kwana biyu suna feshin ruwa, jirgin yana ratsowa ta ƙarƙashi, jiƙe, yana sheƙi. Manyan baƙi a rumfa. 'Yan jarida. Ya ɗaga sanduna. Zo. Zo. Kuma yana zuwa, yana bin hannunsa, abu kamar gidan sama yana bin hannunsa — daɗin da ya ji a nan ba zai iya gaya wa kowa ba yanzu. Zo. Sai hancin jirgin ya fara hawa. Yana hawa, yana hawa, gilashin matuƙi ya shige sama ya ɓace. Babu ido. Sai ciki fari da tayoyi.

In ba ka ganin matuƙi, matuƙi ba ya ganin ka. Wa ya fi shi sanin wannan? Shi yake koya wa sababbi, ranar farko, kafin ma a ba su riga. Kuma matuƙin da ya daina ganin mai sanda, doka ta ce ya taka birki. Ya taka.

Jirgi a tsaye. Shi kuma yana ta zo, zo, zo…

Daƙiƙa nawa? Sun ce bidiyon ya kai minti ɗaya. Tsoho yana kiran jirgin da ba ya ganin sa. Ta gefen ido ya hango 'Yar Kwas can gefen fiffike, tana yi masa alama da hannu, baya, Baba, baya. Ya gan ta. Allah ya sani ya gan ta. Taku ashirin ne kawai, jan fentin yana nan bayansa. Ya kau da kai. Don me? Don kada a ce yarinya ta gyara masa a gaban rumfa? Girman kai rawanin tsiya. Sai ƙarar injin ta fara sauka, ta sauka, ta mutu, wurin ya yi tsit har yana jin ɗigar ruwa daga fiffike.

Gadar ta miƙe iya tsawonta ta tsaya a iska, ba ta kai ƙofa ba. Minti arba'in kafin a zo da motar jan jirgi daga wancan ƙarshen. Mutum ɗari biyu da wani abu a kulle. Manyan baƙi suna duba agogo, masu furanni sun gaji sun zauna. 'Yar Kwas ce ta shigar da jirgin layi daga ƙarshe, da sandunansa, da ya miƙa mata ba tare da an roƙe shi ba. Da ta gama ta dawo masa da su da hannu biyu, idonta a ƙasa. Da ma ta harare shi. Da ma ta ce ai ga irinta nan.

Manaja bai yi faɗa ba, shi ne abin tsoron. Ya rufe ƙofa, ya ce kamfanin jirgin sun kai ƙara, gobe kwamiti zai zauna, dole a sami mai laifi ɗaya. In kai ne, kora ce, wata takwas kafin ritaya, da sunanka da komai. In ita ce, a karɓe lasisinta na wani lokaci, a kawo wani daga waje ya riƙe manyan jiragen. Yarinya ce, za ta farfaɗo. Bayanin baka ne kuka yi, ba a rubuce ba. Ka yi tunani. Ƙarfe huɗu nake son takardar.

Za ta farfaɗo… Wanda aka kawo daga waje ya taɓa komawa? Shi da ya ga jiya ya ga yau, ya san amsar. Da cikinta wata biyar ta tafi kwas ɗin nan, ta dawo ta haihu, ta bar jariri wajen surukarta ta koma aiki don kada a ba wani gurbin. Ya je sunan. Ya ɗauki yaron a hannunsa, ya yi masa addu'a.

A'a. Harafi uku, ya wuce wurin. E kuwa ɗaya ne tal. To me zai ce wa matarsa, da ta gayyato rabin layinsu su kalli talabijin? Me zai ce wa autar — Baba, ya aiki? An kore ni, ranar da kika dawo? Biron yana zamewa, hannun duk gumi. Ya goge a wando. Huɗu saura kwata. Ya ɗora bakin biro a farkon layi, ya yi ɗigo, ya ɗaga. Ɗigon yana kallon sa.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Sallama, a hankali. Muryar 'Yar Kwas ce.

Ba ta shigo ba, ɗakin maza ne. Ta tsaya a bakin ƙofa, takarda a naɗe a hannu, idanun sun yi ja.

"Baba, na kai nawa. Na rubuta cewa ban yi maka bayani ba, na sha'afa. Ka rubuta daidai da nawa, kada su sha bamban. Su Mama suna jiran ka a waje, tun ɗazu."

"To," ya ce.

To?

Shi ya faɗa? Bakinsa ne? Ya fito da sauri, da sauƙi, kamar an miƙo masa ruwa — kuma wani abu a ƙirjinsa ya saki, ya ji shi sarai yana saki, sanyi yana bin jikinsa har yatsu. Ashe abin da yake zaune yana jira ke nan. Ba tunani yake yi ba, duk awa gudan nan. Jira yake a zo a yi masa ƙaryar, don kada ta fito daga hannunsa.

Takunta yana nisa a baranda. Bari ya kira ta… yanzu, kafin ta sha kwana. Ya buɗe baki. Sunanta na gaskiya yake nema, ba na tsokana ba, yana nan, ya san shi, ya ƙi fitowa…

Ƙofar baranda ta buɗe, ta rufe.

Yana zaune, baki a buɗe, biro a hannu. Huɗu saura minti goma.