Ihun Talatu a Karar Azare

Duk wanda ke cin kasuwar Kwarin Ɗinya, ƙaramin garin nan da ke gefen hanyar Azare zuwa Katagum, ya san Talatu mai kifi. Mijinta Hammawa ke kamowa daga kogi, ita kuma ta gyara, ta yi bandar wani, ta soya wani. Hammawa dogon mutum ne mai sanyin hali, ga shi da in'ina. In hankalinsa a kwance yake, maganar kan fito a hankali. In kuwa aka tsorata shi, sai harshen ya ƙulle gaba ɗaya.

Garin yana da 'yan sintiri. An kafa su ne a shekarun da satar shanu da ƙwacen babura suka hana mutane sakat, ga 'yan sandan garin ba su da yawa, mota ma ba su da ita. Dagaci da 'yan kasuwa suka tara samari, aka ɗinka musu riga ruwan ƙasa, aka ba su gora da usur, aka ɗora Gali a kansu. Gali tsohon ɗan kamasho ne a tasha, ƙaƙƙarfa, mai murya kamar ganga. Maganar gaskiya, da farko ya yi aiki. Sata ta yi sauƙi, mutane suka koma barin awakinsu a waje. Daga nan aka daina kiran sunansa, sai Kwamanda, shi ma ya fara jin cewa garin a tafin hannunsa yake.

Wata ranar kasuwa wayar wani mai sayar da wake ta ɓace. Ya ce mutum na ƙarshe da ya gani a bakin rumfarsa dogon nan ne mai kwandon kifi. Kafin labari ya iske Talatu, an riga an ja Hammawa zuwa ofishin sintiri. Ta bar man suya a kan wuta ta ruga. Ta tarar an ɗaure shi a jikin darbejiyar ƙofar ofis, jama'a sun kewaye.

"Ina wayar mutane?" in ji Gali.

Bakin Hammawa ya hau rawa. "Ba... ba... ba..."

"Kun gani ko? Ko musu ya kasa."

"Kwamanda, in'ina gare shi!" Talatu ta faɗa da ƙarfi tana kutsawa. "Kowa ya sani a garin nan. Ka bari ya numfasa, don Allah!"

Gali ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya zabga wa Hammawa mari a kunnen hagu, ya sake, ya sake. Sannan ya sa aka kawo baƙin mai daga wajen masu gyaran babur, aka juye masa a ka, aka kwance shi aka zagaya kasuwa da shi, yara na biye suna kiran ɓarawo. Talatu na bayansu babu takalmi, tana roƙon duk fuskar da ta sani. Mutanen da suka shekara suna cin kifinta suka riƙa kau da kai.

Kafin la'asar wayar ta yi ƙara daga cikin buhun waken mai ita. Da hannunsa ya cusa ta ciki garin awo.

Aka saki Hammawa. Da Talatu ta tsaya gaban Gali, cewa ya yi, "Sai haƙuri, mai kifi. Aikin tsaro ya gaji haka. In ba mu taɓa mutum ba, ta ina za mu bambance na kirki da na banza?"

Ta je wurin dagaci, ya ce a bar wa Allah, kada a kashe wa yaran gwiwa. Ta je ofishin 'yan sanda, ta sami Saja Dinatu, wata mata daga kudancin Bauchi wadda aka ba wa aikin sauraron koken jama'a. Dinatu ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta ji komai.

"Maman Khaulat, na yarda da ke," ta ce. "Amma sai da mai shaida. Samo mini ko mutum ɗaya da zai tsaya ya ce ya gani."

Talatu ta bi rumfa rumfa. Kasuwa guda ta kalli abin, amma ba wanda ya gani.

Kunnen Hammawa ya yi ta zubar da ruwa, daga baya ya mutu. Ya daina zuwa kogi, ya daina fita masallaci, sai zama a zaure yana kallon bango. 'Yarsu Khaulat ta dawo daga makaranta da kuka, wai an ce da ita 'yar ɓarawo. A ranar Talatu ba ta yi kuka ba. Ta wanke wa yarinyar fuska, ta zuba mata abinci, ta zauna a bakin murhu har wutar ta mutu. Abin da ta ƙudura a ranta guda ɗaya ne: sai Gali ya tsaya a tsakiyar mutane yana neman bakin magana, an hana shi.

Da ta koma sana'a da kifin sari, sai ta ɗauke tirenta daga inda ta saba ta girke shi daidai ƙofar ofishin sintiri. Mutane suka ce Talatu akwai haƙuri. Takan gaida Gali har da rusunawa, ta zaɓar masa tsoka mai kyau, ta ƙara wa yaransa gyara. Duk sanda ya sa loma a baki, sai ta ji kamar ta finciko maƙogwaronsa, amma sai ta yi murmushi ta ce, "A ƙaro yaji, Kwamanda?" Da haka suka saki jiki da ita, suka riƙa hirarsu a gabanta kamar ba mutum.

A nan ta gane zancen dabbobi. In aka kama mutum da akuya ko tunkiya bisa zargi, sai a ɗaure dabbar a bayan ofis, wai ta shaida ce. Bayan 'yan kwanaki sai ta ɓace. In mai ita ya dawo, a ce ta mutu, ko a ce an miƙa ta gaba. Talatu ta ga haka ba sau ɗaya ba, ta yi shiru. Waɗanda aka yi wa duk matsorata ne, ita kuwa mai zuciya take jira.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan Allah ya kawo Jalo. Bafulatani ne daga wata ruga a yankin Gololo, ya kawo ragonsa zai sayar, fari tas mai baƙin wuya, da tsaga biyu a kunnen dama. Yaran Gali suka ce ragon ya fi ƙarfinsa, suka ƙwace, suka ce ya je ya kawo mai shaidarsa. Ya tafi ya dawo da ƙanen ardonsu, aka ce musu rago ya kwana ya mutu, an jefar. Jalo ya fito ya tsaya a gindin darbejiya, idonsa jawur, yana cizon leɓe.

Talatu ta kira shi kamar mai talla. Da ya matso ta rage murya. "Ragonka na nan da rai. A gidan Kwamanda yake, na ji suna faɗa. Gobe zai kai shi kara a Azare."

Jalo ya zabura. "Adda, mu je ga 'yan sanda yanzu."

"A'a. Kai dai ka same ni a tasha da safe. Ka zo da mutumin nan naka."

Ta san abin da take yi. In Dinatu ta kama Gali a gida, dagaci zai sa baki, a yi sulhu a ɗaki, a mayar da rago, shi ke nan. Azare kuwa birni ne. Can ba wanda ya san wani Kwamanda, kuma ba zai sa rigar aiki ya je sayar da kayan sata ba.

Haka kuwa aka yi. Hantsi ya ɗaga, kara ta cika maƙil, ƙura da kukan dabbobi da hayaniyar dillalai, suka hango Gali cikin farar shadda da hula, riƙe da igiyar ragon, yana ciniki da wani dillali yana dariya. Jalo ya yi wani ɗan fito da ya saba yi wa garkensa. Ragon ya ɗaga kai, ya fizgi igiya ya nufo shi.

Talatu ta cika ƙirjinta da iska. Ihun da ta haɗiye tun ranar darbejiya ta sake shi gaba ɗaya.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawon rago! Ga mai shi nan, ga ɓarawon nan!"

Kara ba ta wasa da wannan kalma, don kusan kowa a wurin an taɓa yi masa. Kan ka ce me, an yi musu zobe. Jalo na nuna tsagar kunne, ɗan'uwan ardo na rantsuwa da Fulatanci, ragon kuma na goga kai a ƙafar mai shi. Gali ya juyo, suka haɗa ido da Talatu, ta ga lokacin da ya gane.

"Ku tsaya! Ni ne Kwamandan..."

Sandar wani makiyayi ta sauka a bakinsa kafin ya ƙarasa. Ya sake buɗe baki, jini ne ya fito. Aka yi masa rubdugu, mai sanda, mai takalmi, mai igiyar ɗaure shanu. Farar shaddar ta koma kalar ƙasar kara. Yana ɗaga hannu yana son ya yi bayani, ba mai saurare. Talatu ta tsaya inda take, ba ta ɗaga ko tsinke ba, ba ta kuma kau da ido ba. Wani sanyi ta ji yana sauka a ƙirjinta, irin wanda rabonta da shi tun kafin a taɓa mijinta.

Sai ta ji wani na cewa a kawo taya, wani na neman fetur. Jalo ya damƙi gefen mayafinta. "Adda, kashe shi za su yi! Ni ragona nake so, ba rai ba. Ki yi magana!"

Ta dube shi, ta dubi Gali da ke birgima a ƙasa. Bakinta bai motsa ba. Jalo ne da ɗan'uwan ardo suka faɗa cikin taron suna kare shi da jikinsu, sarkin kara da dattawan dillalai suka taya su, har motar 'yan sanda ta iso aka jefa shi a baya.

Gali bai mutu ba. Ya yi makonni a asibiti, ya fito babu haƙoran gaba, idonsa na dama kuma ya tafi. Da yaransa suka ga an kama shi, sai bakinsu ya buɗe, kowa na ture laifi kan wani. Masu awaki da tumakin da aka ce sun mutu suka yi ta ɓullowa daga ƙauyuka, har daga wajen Giade. Shaidun da Talatu ta rasa a da, yanzu har sun yi yawa.

Saja Dinatu ta zo har gida ta same ta tana wankin kifi.

"Maman Khaulat, kin san tun jajibiri ragon na gidansa. Da kin gaya mini, da hannuna zan kama shi."

"Na sani, Saja."

"Da sun ƙone shi fa? Da yanzu da ke ake shari'a."

Talatu ta zubar da ruwan ƙwarya. "Ban roƙi Allah ya mutu ba. Ban kuma roƙa masa ya tashi ba. Ƙarya na yi masa?"

"Ba ki yi ƙarya ba," in ji Dinatu. "Amma abin da kika yi ba daidai ba ne, kuma kin sani." Ta miƙe ta tafi, daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su.

An rushe ƙungiyar sintirin. Kafin a kafa sabuwa, ɓarayi suka samu sarari, aka kore shanun mutum biyu, aka fasa shaguna a bakin tasha. Wasu suka ce duk Talatu ce ta jawo, suka daina sayen kifinta. Da aka zo kafa sabuwar, Dinatu ta tsaya kai da fata a gaban dagaci cewa duk wanda aka kama a miƙa shi ofishinsu a ranar, babu duka, babu ajiye kayan kowa. Aka amince, don ba mai bakin musu a lokacin.

Hammawa kuwa, a kunnensa mai ji ta ba shi labarin, tun daga tasha har zuwan mota. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa. Bai ce ta kyauta ba, bai ce ba ta kyauta ba. Bayan kwanaki ya ɗauko komarsa ta kamun kifi ya hau ɗinke inda ɓera ya ci, ya koma kogi. Kasuwa dai bai sake shiga ba.

Ana gab da azumi Gali ya aiko limamin unguwarsu neman gafara. An yanke masa hukuncin biyan diyya, 'yan'uwansa sun biya masu dabbobi, yanzu yana gida ba ya fita. Liman ya zauna a zaure ya yi nasiha mai tsawo. Hammawa ya ɗaga kai, a hankali ya ce ya yafe, duniya da lahira.

Liman ya juya wajen labule. "Ke fa, Malama Talatu?"

"Allah gafarta Malam, wanda aka mara ya yafe, wannan tsakaninsu ne. Ni a gaya masa ban yafe ba."

"Ki ji tsoron Allah, wata mai alfarma ke tafe."

"Ina jin tsoronsa, Malam. Shi ya sa ba zan faɗi abin da ba shi ne a zuciyata ba."

Liman ya nemi takalmansa. Talatu ta ƙunsa masa bandar tarwaɗa a takarda ya kai wa iyali, ta miƙo ta bayan labule, sannan ta koma ciki ta hura wuta.