Kartar da Aka Rage wa Gefe

Baballe ya sake gwada ɓoye kartar a tafin hannunsa, ta sake zamewa ta faɗi kan tabarma. Tun hantsi yake wannan fama a zaurensa na Gyaɗi-Gyaɗi, kuma tun hantsin yatsan tsakiya na hannun damansa ya ƙi lanƙwasawa. Wata huɗu ke nan da buhun gyaɗa ya danne shi a wajen lodi. Mai ɗori ya ɗaure, ya kwance, ya ce an warke. Ya warke kam, amma a sandare kamar tsinken tsire.

Matarsa Kubura ta leƙo daga cikin gida, ta dube shi ta dubi kartar da ke ƙasa.

"Malam, ka aika musu ka ce ba ka jin daɗi mana."

"Na riga na gaya wa kowa hannu ya koma daidai."

"To ai kai ka faɗa, hannun bai faɗa ba."

Yau da la'asar ake taron suna a Tarauni, gidan Malam Nasidi akawun En'e, kuma an sanar da mutane Baballe zai yi wasa. Dako ne ke ciyar da shi, amma ba da dako aka san shi ba. Shekara ashirin yana wasan dabo da karta, tun kafin Turawa su kwashi samari zuwa yaƙin Bama. A farkon lamarin wani malami ya taɓa cewa da aljanu yake aiki, abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Daga ranar, duk inda ya gama wasa sai ya watsa kartar tsakiyar tabarma ya ce, "Ku duba, hannu ne kawai." A juya, a shinshina, har da masu lasa, ba a samun komai. Wannan kalma ita ce duk abin da ya mallaka a duniya, in ka cire keke da akuya biyu.

Da azahar ta gabato ya tura kekensa bakin hanyar Zariya, wajen Oluwole mai gyaran keke da agogo, wai a ƙara masa iska. Oluwole ya daɗe yana kallon wasansa, kuma mutum ne mai lura. Ya ga yadda Baballe ya riƙe kan keken da yatsu huɗu, ya shiga rumfa ya fito da wani ɗan kwali.

"Ƙanena ya aiko min daga Ikko, a jirgin ruwa yake aiki. Taɓa gefenta ka ji, Malam Baballe."

Sabuwar karta ce fil. Baballe ya shafa, bai ji komai ba. Oluwole ya zaro ɗaya, ya juya ta kai ya koma ƙasa, ya mayar cikin 'yan'uwanta, ya gauraya sosai. Sannan ya ja yatsu biyu a gefe, sai ga ta ta fito ita kaɗai. Ashe kowace an rage mata faɗi ta ɓangare ɗaya, ragin da bai fi kaurin gashi ba. Duk wadda aka juya, kafaɗarta za ta ɗan fito, ko makaho ya lalubo ta.

"Wannan ai ba wasa ba ne, aikin almakashi ne," in ji Baballe.

"Mai kallo ina ruwansa? Shi dai ya ga kartarsa ta fito."

"Ni da ruwana."

"To bar ta," Oluwole ya ce, ya ajiye kwalin a kan benci ya koma kan famfonsa.

Baballe ya tsaya yana jin haushin Oluwole, da ƙanen Oluwole, da Baturen da ya zauna ya ƙirƙiro wannan rainin hankali. Da aka gama ba taya iska ya yi godiya ya hau. Kwalin kuwa yana aljihunsa. Ya ce wa kansa yau kaɗai ne, kafin yatsan ya saki.

A Tarauni an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. An yi sallar la'asar, an ci tuwo, an raba goro. Mutanen Daurawa da na Darmanawa duk sun hallara. A sahun gaba ga Kabo tela, abokin Baballe tun suna yara, wanda bai taɓa fashin wasansa ba, kuma shi ke rantsuwa a kasuwa cewa daga nan har Zariya babu hannu irin na mutuminsa.

Baballe ya fito da sabuwar kartar. Ya miƙa wa Malam Nasidi ya zari ɗaya, ya nuna wa jama'a jar bakwai. Kafin a mayar, Baballe ya juya sauran a hannunsa yana zolayar angon ƙarni. Aka gauraya, ya shafa gefe, ta fito. Ya sake da mutum uku a lokaci guda, duka suka fito. Ya sa aka ɗaure masa ido da rawani, abin da bai taɓa kuskura ya yi ba ko lokacin da hannu ke hannu, ya zaro baƙin sarkin da liman ya zaɓa.

Wurin ya kaure da salati da dariya. Mata suna leƙe ta saman katanga, har da guɗa. Wani dattijo ya ce tun da yake ganin Baballe bai taɓa ganin ya yi kamar yau ba. Maganar ta soki Baballe har cikin rai. Shekarun da ya yi yana murza karta har fatar yatsunsa ta yi kanta ba su taɓa jawo masa rabin wannan shewa ba. Amma daɗin yabo daɗin yabo ne, ya kwashe shi, ya manta abin da ke hannunsa. Ya miƙe tsaye yana dariya, hannun ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin.

"Ku duba, hannu ne kawai."

Sai da kartar ta bar hannunsa ta watsu a tabarma sannan ya tuna.

Mutane suka ɗauka ɗai-ɗai suna juyawa kamar kullum, ba su ga komai ba. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma Kabo, saboda ƙauna, shi ke tattara masa karta bayan kowane wasa. Ya bi ya karɓe su, wata kai sama wata kai ƙasa, ya buga su a gwiwa don su daidaita. Suka ƙi. Ya sake bugawa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jin karkatar yadi da ɗan yatsa ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Af, wannan ai an rage mata gefe," ya ce, kafin hankalinsa ya riski bakinsa.

Malam Nasidi ya karɓa, ya ɗora biyu kai da ƙafa, ya ɗaga su wajen haske. Akawu ne, ba a ɓoye masa layi. Ya juya ɗaya ya cusa, ya ja gefe, ta fito masa a gwajin farko. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe abin ke nan, Baballe. Shekara da shekaru kana ce mana hannu ne."

"Yau ne kawai, ranka ya daɗe."

"To, yau ne kawai," wani ya maimaita daga baya, aka sake fashewa da dariya. Babu wanda ya yi fushi, abin da ya fi ciwo ke nan. Murna suke yi, kamar waɗanda aka sauke wa kaya.

Kabo ya miƙe, fuskarsa ta canza, ya ga ɓarnar da ya yi. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da tsohuwar kartarsa ta wasa a wajen hira, wadda duk ta yi baƙi da maiƙo.

"Ku saurara, jama'a. Wallahi na san mutumin nan tun ba mu da gemu. Da kartata ma ya sha yi, a shagona, a gabana. Ungo, Baballe, yi musu da wannan kowa ya kama bakinsa."

Ya miƙo ta da hannu biyu, idonsa cike da yarda.

Baballe ya dubi kartar. Ya san abin da zai faru in ya karɓa: za ta zube a gaban liman da mata da mutanen unguwa uku, a ce ga shaida. In kuma ya ce yatsa ne, bayan shi da bakinsa ya bi gari yana cewa ya warke, a ce ga wata ƙaryar. Ta kowace hanya shekara ashirin ɗin sun tafi, abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi yadda za a tuna da shi. Ya ga gara a ce ya fi su wayo da a ce abin tausayi ne.

Ya tura hannunsa na dama cikin aljihu.

"Mayar da kayanka, Kabo," ya ce. "Tun farko da irin waccan nake yi."